Shekarar da Na Naɗa Haladu Sarkin Tsidawa

Na sha jin ku kuna ba baƙi labari cewa liman ne ya shirya ni da Haladu, wai ya zaunar da mu a zaure ya yi mana nasiha har muka rungume juna muna kuka. Allah ya saka wa liman da alheri, ya gwada har sau uku, amma duk ukun ba abin da ya samu sai gajiya. Kuma ba wanda ya yi kuka. Abin da ya shirya mu wani dodo ne mai hannu huɗu da 'yar'uwarku Sa'a ta ƙera a cikin kwamfuta. Tunda ni ne na ɓata tun farko, ni ya kamata in rubuta yadda aka yi, kafin ku ƙara wa labarin gishirin da zai hana shi ciyuwa.

Haladu taubashina ne, ɗan kawuna. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun ba mu iya saka wando ba yake kirana bawansa, ni kuma ina kiransa duk sunan da ya zo bakina. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan wasa ba. Taubashi shi ne mutum ɗaya a duniya da zai zage ka a gaban surukanka ka yi dariya, ya cire maka hula ranar suna, ya ce wa matarka ta yi asarar miji, kuma in ciwo ya kwantar da kai shi za ka fara gani a ƙofar ɗaki. Haka muka yi shekara hamsin da wani abu. Gonakinmu na rake suna jere a fadamar da ke kan hanyar Likoro, kuma masu wucewa sun san in suka ji ana zage-zage da sassafe, to mu ne muke gaisawa.

Wata shekara bayan ya sare rakensa ya sa wa busasshen ganye wuta, kamar yadda kowa ke yi, iska ta juya, wutar ta tsallaka ta cinye mini fiye da rabin gona. Shi da kansa ya yi ta kashin wutar har gashin girarsa ya ƙone. Na gani da idona. Amma zuciya ta ɗebe ni, a gaban mutanen da suka taru na ce da gangan ya yi, hassada ce ta ci shi. Sannan na ƙara da maganar da ta fi wutar ɓarna.

"Daga yau ba wasa tsakanina da kai."

Ya dube ni, ya ce, "To, Malam Sale."

Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. Daga nan ya shiga yi mini ladabi, kuma ban taɓa shan azaba irin ladabin Haladu ba. In muka haɗu a masallaci sai ya rusuna kaɗan, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya yi mini fatan alheri, ya wuce. Ba gaba muke yi ba, don ba wanda zai ce ba ma gaisawa. Shi ya sa liman ya rasa inda zai kama. Shekara tara muna haka. Ina kewarsa ƙwarai, amma girman kai ya hana ni faɗa, sai kewar ta koma haushi, kullum ina neman wanda zan ba labarin munin halinsa.

A shekara ta tara Sa'a ta dawo gida da kaka, bayan ta gama karatun kwamfuta a Zariya. Ita da wasu abokan karatunta biyu suna haɗa wasan waya, irin wanda kuke dannawa har abinci ya huce a gabanku. Labarin wasan shi ne wasu halittu daga wata duniya can bayan taurari sun sauko za su ci ƙasarmu da yaƙi, mai riƙe da waya kuma shi ne manomin da zai kare garinsa. Abokan nata suna aikin da ya shafi motsi da maki, ita aka bar wa ƙirƙiro halittun. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, ta buɗe kwamfuta, ta yi ta tsaki. Ran nan na dawo daga wurin matsar rake na tarar ta dafe kai.

"Baba, duk dodon da na zana sai ya fito irin na wasannin waje. Ƙarfe, wuta, jan ido. Ba wanda zai ji tsoronsu a nan, ba kuma wanda zai tuna su."

Innarku Laure tana tsince shinkafa a gefe, ta ce, "In abin tsoro kike nema, ki taka tsidau ba takalmi."

Nan take halittun suka samu suna, Tsidawa, suka samu fata mai ƙaya ta ko'ina, yadda ko junansu ba sa iya runguma. Daga ranar gidanmu ya zama majalisar yaƙi. Laure ta ce a ba su hannu huɗu, biyu na faɗa, biyu na ɗaukar ganima, don ta lura mafaɗaci bai cika barin kayan mutane ba. Na ce duniyarsu ta zama mai rana biyu, ba inuwa ko ta tsayawa a yi sulhu. Sa'a ta ce ba su da kujera, don a wurinsu wanda ya zauna ya miƙa wuya. Muka yi musu kwana biyu a kan abin da suke ci, har Laure ta yanke cewa barkono ne zalla, safe da rana. Na daɗe ban yi dariya irin ta lokacin ba. Ni da ban san inda ake kunna kwamfuta ba, sai ga ni ina barin leburori a gona ina gaggawar dawowa in ji ko an yarda da shawarata ta cewa jariransu da garkuwa ake haifarsu.

Sai aka zo kan sarkinsu. Sa'a ta ce tana son sarki mai hali irin na mutane, wanda in ka gan shi sau ɗaya ba za ka manta ba. Ta ce, "Baba, kai da ka san mutane, wa ka taɓa gani da ya fi kowa taurin kai?"

A nan zan faɗi gaskiya, domin ita ce dalilin wannan rubutu. Daga baya na gaya wa mutane cewa ban lura ba, bakina ne kawai ya zuba. Ƙarya ne. Na san abin da nake yi tun daga kalmar farko. Na ce ta sa masa ɗingishi a ƙafar hagu. Na ce ta karkace masa hular ƙarfensa zuwa kunnen dama. Na ce ta cire masa haƙori ɗaya na sama, ta sa ya riƙa gyaran murya sau uku kafin ya yi magana, kuma duk abin da aka gaya masa ya amsa da, "To, sai me?" Sa'a tana makarantar kwana lokacin da muka ɓata, tun daga nan kuma ba ta cika ganin Haladu ba sai daga nesa, don haka ta yi ta rubutawa tana jin daɗi. Na ma yi mata gyaran muryar da bakina ta ɗauka a waya. Da ta gama zanen ta juyo da kwamfutar, Laure ta leƙa, ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Malam, wannan ai Haladu ne."

"Haladu yana da hannu huɗu?"

"Ka ji tsoron Allah, Malam."

Na ce mata abin da ke cikin kwamfuta a Zariya zai ƙare, wa zai gan shi a ƙauyen nan? Ta ɗauki faifanta, ta yi mini irin kallonta da kuka sani, wanda ke nufin za a dawo kan maganar a lokacin da bai yi maka daɗi ba.

Ashe Sa'a ta tura wa mutum biyar wasan su gwada mata, ɗaya daga cikinsu kuma mai shagon cajin waya ne a kasuwar Maƙarfi. Duk wanda ya kawo caji sai ya tafi da Tsidawa a aljihu. Kafin kasuwa biyu ta ci, wasan ya kai Kudan, ya kai Paki, ya dawo garinmu ta hannun masu ɗaukar rake. Mutanenmu kuwa ba sa buƙatar a rubuta musu suna. Da sarkin ya ɗingiso ya yi gyaran murya, sai majalisa ta fashe. Aka fara yi wa Haladu gyaran murya a bayansa. Mai nama ya ce masa ranka ya daɗe. Wani marar kunya ya tambaye shi inda ya ajiye sauran hannayen biyu. Da farko, Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Sai ran nan babban ɗansa Mudi, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya yi sallama a zaurena bayan la'asar. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya ce,

"Baba Sale, kwana goma sha biyu ke nan Baba bai je kasuwa ba, bai zauna a majalisa ba. Daga masallaci sai gida. Bai aiko ni ba. Ni dai na ce bari in zo ka sani."

Da ya tafi na shiga gida na tarar Sa'a ta ji komai. Ban taɓa ganin fushinta irin na ranar ba, kuma fushi ne mai ladabi, wanda na riga na san ɗacinsa.

"Baba, na tambaye ka shawara, ka ɗauki aikina ka jefi ɗan'uwanka da shi. Saura kwana goma mu nuna wasan nan ga waɗanda za su ɗauki nauyinsa a Kaduna. In na cire sarkin, aikin wata huɗu ya rushe, ba ni kaɗai ba, har da abokaina. In na bar shi, na ci mutuncin Baba Haladu a duk wayar da ke ƙasar nan. Wanne kake so in yi?"

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, da a ce muna wasa ni da Haladu, wannan dodon ba komai ba ne, shi zai fi kowa dariya, ya kuma rama da abin da ya fi shi. Ni na rufe ƙofar wasa da bakina, sannan na zagaya ta baya na yi wasan ba da izini ba. Wasan da aka yi wa wanda ba a wasa da shi sunansa cin mutunci.

Washegari da hantsi na sa babbar riga, na ce wa Sa'a ta ɗauko waya ta biyo ni. Muka tarar da shi a zaure, 'ya'yansa maza uku suna gefe. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi rake. Na yi bayanin da na kwana ina shiryawa, na ce laifina ne, yarinya ba ta sani ba, ya yi haƙuri. Ya saurara har na gama.

"Babu komai, Malam Sale. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na san wannan babu komai. Da ita zan tashi in tafi, mu ƙara wata shekara tara, in Allah ya ba mu ita. Sa'a ta matso ta ce, "Baba Haladu, ko ka ga abin da idonka?" Ya ce bai gani ba, labari kawai yake ji. Ta kunna ta miƙa masa. Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya ƙura ido. Sarkin Tsidawa ya fito yana ɗingishi, hula a karkace, ya buɗe baki giɓin ya bayyana. Na dubi fuskar Haladu, na dubi ta dodon, na ji wata magana ta taso mini. Na san in ta faɗi ba daidai ba, na zage shi ke nan a gaban 'ya'yansa a cikin gidansa, kuma ko liman goma ba za su gyara ba. Amma na ga ladabi ya riga ya gwada iyawarsa shekara tara bai haifar da komai ba. Na ce,

"Ka gode wa Allah, ai na rage maka muni. Yarinyar ta ce in aka zana ka yadda kake, waya za ta fashe."

Mudi ya sunkuyar da kai. Sa'a ta kama bakinta. Haladu ya ajiye wayar a hankali a kan tabarma. Ya yi gyaran murya sau ɗaya, sau biyu, sau uku, kuma a na ukun ƙaramin ɗansa ya kasa riƙewa ya fice da gudu.

"Kai bawa," in ji shi. "Da kunnuwan nan naka kamar faifan innarka, kai ne za ka yi wa wani maganar muni?"

Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Na ce masa kunnuwana gado ne daga gidansu, tunda uwata ƙanwar ubansa ce. Ya ce su nasu sun tsaya inda Allah ya ce su tsaya. Muka ɗora daga inda muka ajiye, kamar jiya muka rabu, har matan gidan suka taru a bayan ƙyaure suna leƙe.

Amma kada ku ɗauka ya bar ni haka. Haladu bai taɓa yin rangwame ba. Ya kafa sharuɗɗa uku. Na farko, a goge gyaran muryar da na yi, don ya ce kamar akuya ta shaƙe, shi zai yi nasa da kansa, kuma duk maganar sarkin da muryarsa za ta fita. Na biyu, Sa'a ta ƙera wa sarkin bawa mai ɗaukar masa garkuwa, gajere, mai tumbi, mai kunnuwa har kafaɗa. Kun san shi, kun kuma san da wa yake kama. Na uku shi ne mai nauyi. Ya daina dariya ya ce,

"A gaban mutane ka ce na ƙona maka gona da gangan. A gaban mutane za ka janye."

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallaci, ni da ake kira rabon gado da sasanta ma'aurata, na ce na yi wa ɗan'uwana ƙazafi shekara tara da suka wuce, na san iska ce, na ga yadda ya kashe wutar, girman kai ne ya hana ni faɗa. Da na gama sai Haladu daga sahun baya ya ce a yi mini haƙuri, tun yana yaro ƙwaƙwalwarsa a hankali take tafiya. Aka watse ana dariya, amma wasu sun daɗe ba su kira ni sasanci ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Wadda ta fi biyan kuɗin wautata ita ce Sa'a. A hanyarmu ta dawowa daga gidan Haladu, da muka kusa gida, sai ta ce ta gane wasan nata gaba ɗaya a karkace yake. Ta ce Tsidawa bai kamata a ci su da makami ba, duk wanda ka sara sai ya zama biyu. Hanya ɗaya ta cin sarkinsu ita ce ka kai gabansa da rai, ka yi ta tsokanarsa, kana zaɓar magana, in ka yi ladabi ya sare ka, in ka wuce gona da iri ya sare ka, sai ka dace da wadda za ta sa shi dariya, daga nan ya zama abokin wasanka, yaƙi ya haramta tsakaninku. Abokanta suka ce ba za a gama wannan cikin kwana tara ba. Ba a gama ba kuwa. Damar Kaduna ta wuce su, ɗaya daga cikin abokan ya yi fushi ya bar su, sai da suka ƙara shekara guda kafin wasan ya fita. Ita tana cewa wasan ya fi kyau haka. Wataƙila gaskiya ne, amma na san shekara guda ta rayuwar 'yata na ci, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya.

Haladu kuwa ya zama abin kallo. Sati uku Sa'a tana zuwa ɗaukar muryarsa a ɗakin ajiyar hatsi, don nan ne ba a jin kukan kaji. Ba ya bin abin da aka rubuta masa, nasa yake faɗa, kuma nasa ya fi. Ya koma kasuwa da hula a karkace fiye da da, wanda ya ce masa ranka ya daɗe sai ya ɗaga masa hannu kamar mai sarautar gaske. Masu wucewa ta fadama suka sake jin zage-zage da sassafe. Damina biyu Allah ya ƙara mana, kuma ban bar kwana ɗaya ya tafi a banza ba. A ta ukun ya kwanta, kwana shida, ina ƙofar ɗakinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan sadakar arba'in Sa'a ta zo daga Zariya ta karɓi wayata ta yi 'yan danne-danne, ta ce ta sa mini wasan, amma nawa ba irin na kowa ba ne. Ta ce a ranar ƙarshe ta ɗaukar murya Baba Haladu ya sa ta rufe ƙofa, ya yi wasu maganganu, ya ce kada ta sa wa kowa, ta ajiye wa bawansa sai ranar da ba ya nan. Ta koya mini inda ake dannawa.

Jikokina suna yi mini dariya wai shekara nawa ina wasan nan ban taɓa ci ba ko sau ɗaya. To ku gaya musu na san maganar da ke sa sarkin dariya, ni na koya wa Sa'a ita. Sai dai in ka ci, wasa ya ƙare, kiɗa kawai ake yi maka. Ni kuwa in na idar da sallar walaha sai in zauna a zaure, in lallaɓa har gaban sarki, in zaɓi amsar da ta fi kowace ladabi, ya sare ni. Allon ya yi duhu, sai in kai wayar kunnena.

"Sale, ko a nan ma ka faɗi? Tashi mana, ina nan ina jiranka."